Zobe a Cikin Safar Hannu

Ranar da Al'amin ya ce mini zai je Turkiyya ya hau ƙanƙara, ina zaune a kan katifa a ɗakinmu na unguwar Hayyin Ashir a Alƙahira, na cusa hannuwana biyu a hammata ina jiran su huce daga aikin yini. Ya shigo da fara'arsa kamar kullum, ya jefar da jaka, ya miƙo mini waya.

"Duba nan, bawana," ya ce.

Al'amin Babarbare ne daga Nguru, ni kuma Bafillace ne daga Kumo. Tun ranar da muka haɗu a Alƙahira shekara tara da suka wuce yake kirana bawansa, ni ma ina kiransa nawa. Wasan kakanni ne, kuma ya yi mini amfani ƙwarai, domin duk baƙar maganar da ke raina ina iya faɗa masa ita a gaban mutane, a yi dariya a wuce.

A hoton wani ruwa ne da yake zubowa daga kan dutse, sanyi ya kama shi yana tsakiyar zuba, ya daskare a tsaye. Tsawonsa ya kai bene bakwai. A tsakiyarsa ga wani mutum manne kamar ƙadangare a bango, da ɗan gatari a kowane hannu. Al'amin ya ce abokan aikinsa Misirawa na ofishin fassara da ke Dokki, waɗanda yake bi hawan dutse a Wadi Digla duk Juma'a da safe, su ne za su je gabashin Turkiyya a watan Janairu, kwana biyar, kuma sun sa sunansa.

"Sanyin wurin yana kai ashirin ƙasa da sifiri," ya ce, yana zare ido kamar mai ba da labarin aljanu.

"Tamam, ya yi kyau," na ce. "Allah ya tsare."

Abin da ban ce ba shi ne, shekara shida ke nan ina yini a cikin ashirin da biyu ƙasa da sifiri. Ina aiki a ɗakin sanyi na wani kamfanin kifi da kaji a bayan kasuwar Ubur, wanda mu ma'aikata muke kira tallaja. Ina shiga da safe, ina ɗaukar kwalaye, ina kankare ƙanƙarar da ta taru a bango, ina fitowa da gashin hancina a sandare. Ko mutum ɗaya bai taɓa zare mini ido a kan haka ba.

Kafin magariba labari ya cika zauren WhatsApp na ɗaliban arewa. Sagiru, wanda yake kula da zauren, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa ga Bahaushe na farko da zai hau ƙanƙara. Shi ba ma Bahaushe ba ne, amma wa ya damu. Addu'o'i suka yi ta zuba kamar zai tafi yaƙi. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko guda ba, kuma kowace na karanta sai in ji zuciyata ta ƙara baƙi. Ba zan yi wa abin ado ba, hassada ce.

Ba a ranar ta fara ba. Tare muka yi karatun fiƙihu a wurin Shaihi Fadl, wani dattijo Bahaushen Sudan da yake karantarwa a falon gidansa a Ainu Shams. Ni na riga Al'amin zuwa da shekara guda, ni ne ma na kai shi. Ni nake zuba wa Shaihi ruwa a buta, ni nake raka shi masallaci. Ranar da muka sauke littafin da muke karantawa, Shaihi ya zare zoben azurfa daga ƙaramin yatsansa na hagu, ya kama hannun Al'amin ya sa masa, ya ce wannan yaro yana da kai. Ni kuma ya shafa mini kafaɗa ya ce Allah ya yi albarka. Bayan shekara guda Shaihi ya rasu. Al'amin ya gama digiri ya sami aiki a Dokki, ni jarrabawa ta kayar da ni sau biyu, tallafin karatu ya yanke, na shiga tallaja. Duk da haka bai bar ɗakin ba, ko da yake yana da halin kama gida a unguwar da ta fi wannan. Har wannan kirkin nasa yana ba ni haushi.

Mako biyu kafin tafiyar ya dawo da kaya niƙi-niƙi. Wasu ya saya, wasu ya aro: takalma masu nauyi, wasu haƙoran ƙarfe da ake ɗaura musu a ƙasa, hular kwano, igiya, riguna kala-kala. Ya baje su a kan katifarsa ya tsaya yana kallo.

"Gidaɗo," ya ce, "ban san ko waɗannan za su riƙe ni ba. Duk Masar ba inda zan gwada su sai wurinku. Ka roƙar mini Isam ya bar ni in shiga ko minti ashirin ne."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ga abu ɗaya a duniya da na fi shi sani, kuma ya zo da kansa yana tambaya.

Isam shi ne mai kula da mu, Basudane mai ƙaton gashin baki wanda ya yi shekara ashirin a cikin sanyi. Ya yarda, ya ce mu zo ranar Asabar bayan azahar. Da muka isa wata babbar mota ta shigo da kifi, sai ya ɗaga mana hannu daga nesa ya koma wurin direba. Muka yi alwala a famfon tsakar gida, muka yi salla, Al'amin ya fara shiri.

A bakin ƙofar tallaja akwai wata doguwar ƙusa a bango. Duk wanda zai shiga yana rataye zobensa da agogonsa a nan, dokar Isam ce, kuma bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Ƙarfe yana jan sanyi ya kai shi har cikin nama. Idan yatsa ya kumbura kuma, zobe yana shaƙe shi ya hana jini wucewa. Ranar akwai zobba huɗu a kan ƙusar. Al'amin ya tsaya daidai gabanta, bai ma san amfaninta ba, ya ja safar hannu ta ciki a kan zoben Shaihi. Na ga danshin alwala yana ƙyalli a gefen azurfar kafin safar ta rufe shi. Ya ɗora babbar safa a kai, sabuwa, matsattsiya. Na buɗe baki, na rufe.

Dole in tsaya a nan in faɗi abin da ko Al'amin bai sani ba a lokacin. Ƙaramin yatsana na hagu guntu ne, an yanke shi daga gaɓa ta farko. Kowa ya san ƙofar tallaja ce ta datse shi, domin haka na ce. Ba ƙofa ba ce. A watan da na fara aiki na je kasuwar Husaini na sa wani maƙeri ya yi mini zobe irin na Shaihi sak, har da ɗan zanen da ke gefensa. Ba na sa shi a gida, saboda Al'amin zai gani. A wurin aiki kaɗai nake sa shi, a ɓoye cikin safar hannu, in riƙa jin taurinsa a yatsana ina ɗaukar kwalin kifi, kamar ni ma an ce ina da kai. Wata rana na yi alwalar la'asar, ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa, na ja safa na shiga, muka yi awa uku muna sauke mota. Da na fito yatsan ya yi fari fat, ba ya jin komai. Na je gida na gasa shi a kan risho, ya kumbura, zobe ya ƙi fita. Kunya ta hana ni nuna wa kowa. Na naɗe shi da tsumma, washegari na koma cikin sanyi da shi, da jibi ma. Ranar ta huɗu Isam ya fizge tsumman ya ga yatsa ya yi baƙi, ya sa ni a mota zuwa asibiti. Da filaya aka yanke zoben, bayan mako biyu aka yanke yatsan. Al'amin ya yi wata guda yana wanke mini kaya yana zagin ƙofa.

Saboda haka na san abin da nake kallo. Amma na ce a raina minti ashirin ba za su yi masa komai ba, kuma gaskiya ne. Na tura ƙofa muka shiga.

Sanyin ya mare shi, ya yi tari, ya fara tsalle-tsalle yana buga hannuwa. Riga biyar ya jibga, ta can ciki ta auduga ce. Kafin minti biyar na ga goshinsa ya fara naso.

"Tsaya wuri ɗaya, bawana," na ce. "Ba sanyi ne zai kashe ka ba, guminka ne. Audugar nan idan ta jiƙe ba ta bushewa, tana manne maka kamar rigar da aka tsoma a randa. Ka sa ulu a jikin fata. Idan za ka yi aiki ka rage kaya tun kana jin sanyi, idan ka tsaya ka mayar da su nan take, kada ka jira sai ka fara rawar ɗari."

Ya ciro waya da ƙyar yana rubutawa. Ni kuwa baki ya buɗe. Na gaya masa ya riƙa ajiye safar hannu ta biyu a ƙirjinsa, cikin riga, ya riƙa musanyawa idan ta farko ta yi danshi. Na ce ya cire safar ƙafa ɗaya daga cikin ukun da ya sa, domin takalmin da ya matse ya fi takalmi marar safa sanyi. Na ce ya cika aljihu da dabino da gyaɗa, ya riƙa ci ko ba ya jin yunwa, ya sha ruwa ko ba ya jin ƙishirwa. Idan wata gaɓa ta yi fari ta daina ji, kada ya murza ta, kada ya kai ta kusa da wuta, ya sa ta a hammata, kuma kada ya yarda ta sake daskarewa bayan ta narke.

Sannan na kai shi bangon baya, inda ƙanƙara take taruwa a ƙarƙashin fanka. Na ce ya sara da gatarinsa. Ya ɗaga ya maka da ƙarfinsa duka, wani faifan ƙanƙara mai faɗin tire ya ɓalle ya faɗo masa a ƙafa.

"Haka za ka yi a bene na bakwai?" na ce. "Idan sanyi ya yi tsanani ƙanƙara tana zama kamar tangaran, ƙarfi fasa ta yake yi. Nemi inda ta ɗan lotsa, ka sara a hankali sau biyu. Fara mai kumfa ruɓaɓɓiya ce, mai duhu ta fi riƙo. Kuma ka saurara. Idan ta yi ƙara kamar ganga, akwai rami a bayanta, ka matsa."

Ya sake sarawa yadda na ce, bakin gatarin ya shige ya zauna daram. Ya juyo ya dube ni da wani irin kallo da bai taɓa yi mini ba.

"Wallahi kai malami ne, Gidaɗo."

"Ɗaga hannuwanka sama da kai," na ce, "ka riƙe gatarin haka minti uku. A can haka za ka yini."

Ya ɗaga. Da ya sauke, jini ya fara komawa yatsunsa, sai ya durƙusa yana salati, hawaye na zubo masa. Na san wannan zafin, kamar ana tura maka allurai ta ƙarƙashin farce. Na tsaya ina kallonsa, kuma na ji wani sanyi a raina wanda ba na tallaja ba ne. Na gaya masa komai a ranar, abu ɗaya kawai na rage.

Da muka fito ya cire safar yana hura hannu, Isam ya iso yana goge gashin baki. Idonsa ya sauka a kan zoben. Bai ce wa baƙo komai ba, ya bari sai da Al'amin ya shiga banɗaki sannan ya jawo ni gefe.

"Ya Gidaɗo, da wannan ya shiga?"

"Minti ashirin ne kawai, ya rayyis," na ce, kamar yadda muke kiran shugaban aiki.

"Can kuma kwana biyar ne. Ka gaya masa?"

"Na gaya masa," na ce.

Ya dubi hannuna na hagu, ya dube ni, ya ce tamam, ya tafi. Isam kaɗai ya san abin da aka yanke da filaya, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Da yamma Al'amin ya sa hoton da na ɗauke shi a cikin tallaja a zaure, yana riƙe da gatari, gira duk ta yi fari. Ya jera shawarwarina a ƙasa, ya rubuta cewa godiya ta tabbata ga bawansa Gidaɗo. Mutum sittin da wani abu suka yaba wa jarumtarsa. Mutum uku suka sa fuskar dariya a kan sunana. Wani ma cewa ya yi ashe Al'amin har ilimin sanyi ya haɗa.

Na yi fiye da kwana goma ina kai da kawowa da maganar zoben a cikina. Kullum ina kallonsa a hannunsa, idan yana shan shayi, idan yana ɗaure igiya a ƙafar gado yana koyon ƙulli. Sai da ya rage kwana biyu na yi ta maza, amma ta hanyar da na saba.

"Kai bawana," na ce, muna cin ful, dafaffen waken Misirawa, a shagon kusurwa, "cire zoben nan ka bar wa ubangidanka. Ƙanƙara ba ta san Shaihi ba, za ta cinye yatsan."

Ya yi dariya har da buga tebur.

"Yau dai ka fito fili. Shekara bakwai kana satar kallon zoben nan, Bafillace, ka ɗauka ban gani ba? To ko a sama za a hau da shi zan hau. Tun da Shaihi ya sa mini shi bai fita ba."

Wasa yake yi. Amma maganar ta same ni a inda ba na so. Na ture kwanon na ce na ƙoshi. A hanyar gida na riƙa ce wa kaina khalas, shi ke nan, na faɗa, na sauke nauyi, wanda bai ji ba shi ya so. Har na kai ga tunanin da nake jin kunyar rubutawa: to me zai faru idan ya dawo da yatsu tara da rabi? Ni da nake da tara da rabi ai ban mutu ba. Aƙalla a sami abu ɗaya da muka yi daidai.

Laifin wasan ne, ko in ce laifina ne da na ɓuya a bayansa shekara da shekaru. Na yi ta faɗa masa gaskiya da sunan wasa har ya zama ba ni da wata murya da zai gane ba wasa nake ba. Hanya ɗaya ta rage da zai yarda da ni, ita ce kuwa wadda na fi ƙi.

Ranar tafiya aka tashi da yayyafi, irin na Janairun Alƙahira mai shiga ƙashi. Jirginsu na azahar ne. Da hantsi ya gama ɗaure jaka, ya kira mota a waya, aka ce saura minti goma sha biyu. Ya zauna a bakin katifa yana duba fasfo. Ya sa rigar ulu a ciki kamar yadda na ce, na ga kan safar hannu ta biyu yana leƙowa daga ƙirjinsa, aljihunsa ya kumbura da dabino. Komai na gaya masa ya ɗauka. Da na gaya masa wannan ma yadda ya kamata, da ya ɗauka.

Na jawo akwatina daga ƙarƙashin gado. A can ƙasa, cikin tsohon littafin fiƙihu, akwai kwalin ashana. Ban san dalilin da ya sa na ajiye shi ba duk shekarun nan. Na zazzage shi a tafin hannun Al'amin, guntayen azurfa biyu suka faɗo, sun yi baƙi-baƙi.

Ya juya su da yatsa. Ya haɗa bakinsu, ya ga zanen gefen, ya dubi na hannunsa.

"Mene ne wannan?"

"Al'amin," na ce. Rabona da kiran sunansa haka kai tsaye har na manta, shi ma ya ɗago da sauri. "Ba ƙofa ba ce ta yanke mini yatsa."

Na gaya masa duka, tun daga maƙerin kasuwar Husaini har filayar asibiti. Na gaya masa ruwan alwala, da risho, da tsumman da na naɗe don kada ya gani. Na gaya masa amfanin ƙusar da ya tsaya a gabanta, da ƙaryar da na yi wa Isam. Ban dube shi ba ina magana, dungun yatsana nake kallo.

Ya ƙura wa guntayen da ke tafinsa ido. Ana jin mai sayar da gas yana buga tukunyarsa a ƙasan bene.

"Wata guda ina wanke maka kaya," ya ce a hankali. "Ina zagin ƙofar mutane."

"Na sani."

"Kuma ranar Asabar ɗin kana kallo na sa safa a kansa."

"Ina kallo."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Na yi zaton zai yi faɗa, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi.

"Gidaɗo, da ka tambaye ni tun a lokacin ai da na ba ka."

"Na san da ka ba ni," na ce. "Shi ya sa ban tambaya ba. Ba zoben nake so ba, so nake a ce ni aka ba."

Ya ajiye guntayen a kan katifa. Ya kama zoben ya ja, ya ƙi motsi. Shekara bakwai sun sa ya zauna a naman. Ya tashi ya shiga banɗaki, na ji ƙarar famfo, na ji yana fama da sabulu. Da ya fito akwai wani farin zagaye a gindin yatsansa inda rana ba ta taɓa gani ba. Wayarsa ta yi ƙara, mota ta iso.

Ya kama hannuna na dama, ya sa zoben a ciki, ya rufe yatsuna a kansa.

"Amana ce," ya ce. "Ba kyauta ba. Ranar Alhamis zan karɓa."

"Ka goge hannunka sosai bayan alwala," na ce. "Har tsakanin yatsu."

"To."

Na ɗaukar masa jaka ɗaya muka sauka. A bakin mota ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai direba ya ce yalla ya ustaz, mu tafi, hanya a cushe take. Ya shiga. Bai kira ni bawansa ba, ni ma ban kira shi ba, kuma ban san ko za mu sake iya wannan wasan ba.

Kwana uku ba labari, wai babu sabis a ƙauyen da suka sauka. Na yi aiki kamar kullum, zoben yana cikin kwalin ashana a aljihun wandona, tare da guntayen nawa. Ranar Talata da safe, ina cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, zuwa Ubur, waya ta fara rawa ba ƙaƙƙautawa. Hoto ne a zaure. Al'amin yana tsaye a saman ruwan da ya daskare, fuskarsa ta yi jawur, gemunsa duk ƙanƙara, bayansa duwatsu farare har iyakar gani. Ya cire safar hannu na ɗan lokacin ɗaukar hoton, ya ɗaga hannuwa biyu ya ware yatsu. A ƙasa bai rubuta komai ba.

Mutane suka ɗauka murna yake yi. Sagiru ya ce a shirya masa walima, wani ya ce a kai labarin gidan rediyo. Ni na san wa aka ɗaga wa hannun. Na buɗe hoton na ja shi da yatsu har ya cika fuskar wayar, na ƙirga yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, na sake ƙirgawa. Goma ne cif. Na yi hamdala da gaske. Sannan na gangara ƙasa na karanta yabon da ake yi masa, duka, ban tsallake ko guda ba, kuma ya yi mini zafi kamar yadda ya saba.

Na riga kowa isa bakin tallaja. Na ciro zoben Shaihi, karo na farko da na fito da shi daga kwalin, ni kaɗai ba mai kallo. Ya fi yadda nake zato sauƙi, gefensa ya suɗe. Na gwada shi a yatsan kusa da ƙarami, ya tsaya a farce. Na gwada a ƙaramin yatsan dama, shekara shida na ɗaukar kwali sun kumbura gaɓar, ya ƙi wucewa. Sai na ɗora shi a kan dungun na hagu. Ya shige daidai kamar don shi aka ƙera, na sauke hannu, ya zame ya faɗi a siminti yana gangarawa.

Isam ne ya tare shi da takalmi. Ya ɗauka, ya juya shi, ya dube ni.

"Na abokinka ne?"

"Nasa ne."

"Ashe ka gaya masa."

"Daga baya," na ce.

Ya miƙo mini. Na rataye shi a kan ƙusa, na ja safar hannuna, na lanƙwashe yatsan safar da ba komai a ciki kamar yadda nake yi kowace safiya, na tura ƙofa na shiga.